Nonon dare yana ɓata haƙoran yaro? Tambayoyin da masu goyo suka fi yi da amsoshinsu

Maganar nan kusan duk inda masu goyo suka taru sai ta taso, a layin awo ne ko gidan suna, wata tace an ce mata ta daina ba yaro nono da daddare haƙoransa zasu ruɓe, wata tace ƙarya ne ai mu haka aka shayar da mu. Abinda ya fi damuna shi ne masu yaye yaro tun bai kai ba saboda tsoro. Shi yasa na tattaro tambayoyin waje ɗaya.

Wai da gaske ne shayarwa da daddare tana ruɓar da haƙoran jariri?

Ya danganta da watannin yaron. Daga haihuwa har shekara ɗaya ki kwantar da hankalinki, nono ba ya ƙara haɗarin ruɓewar haƙori, hasali ma yaran da ke shan nonon uwa a wannan lokacin sun fi ƴan fida tsira. A 2015 wasu masu bincike suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban suka haɗa su waje ɗaya, abinda ya fito kenan, amma kuma suka ga bayan wata 12 labarin yana ɗan canzawa, yaron da ya ci gaba da sha yana da haɗari fiye da wanda ya daina, musamman mai sha da daddare kuma akai-akai. Akwai wani kuma da aka yi a garin Pelotas na ƙasar Brazil aka wallafa a 2017, sun bi yara sama da dubu tun daga haihuwa har shekara 5, waɗanda suka sha nono wata 24 ko fiye haɗarin mummunar ruɓewa a wajensu ya ninka fiye da sau biyu, amma waɗanda suka tsaya tsakanin wata 13 zuwa 23 ba a ga wani bambanci ba.

Kinga kenan ba zan ce miki babu komai ba don in faranta miki rai, akwai. Sai dai wahalar irin wannan bincike ita ce yaron da ya wuce shekara ba nono kaɗai yake sha ba, yana shan koko da suga, yana cin biskit, wani ba a taɓa goge masa baki ba, to raba laifin nono da laifin sauran abu ne mai wuya. Ni dai abinda na tsaya a kai, yaron da ake goge wa haƙori da makilin sau biyu a rana kuma ba a cika masa ciki da zaƙi, nonon dare ba shi ne zai zama babbar matsalarsa ba.

Ai nono Allah ne ya halitta wa yaro, ta yaya ma zai taɓa haƙori?

Nono yana da nasa sugan, ana ce masa laktos, wajen kashi 7 cikin 100 na nonon uwa kenan, ya fi na saniya yawa, shi yasa yake da ɗan garɗi. Ita kuwa ruɓewar haƙori ba tsutsa bace kamar yadda ake faɗa, ƙwayoyin cuta ne ƙanana da ido baya gani suke zama cikin daudar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori, babbarsu ita ce Streptococcus mutans. Duk sanda suga ya shigo baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami, tsamin nan ke cin farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori a hankali a hankali har ya yi kogo. Laktos bai kai sugan shayi ba su ƙarfi ba, sugan shayi ne ma ke taimaka musu su yi wannan yauƙin da suke mannewa da shi, kuma nono yana da sinadaran kariya da kalsiyam. Amma in da rana an riga an ciyar da su da alewa sun yi yawa sun kafa gida a kan haƙori, da daddare kuma nono ya zo ya kwanta a kai, to ba zasu ƙi ci ba.

Me yasa kullum dare ake ambata, na rana fa?

Saboda yawu. Da rana yawu yana gudana, yana wanke baki yana kashe tsamin, har ma yana mayar wa haƙori ɗan abinda ya rasa. Da mutum ya yi barci sai ya ragu sosai, haɗiya ma ta ragu. Yaron da ya tashi ya sha da gaske ya ƙoshi ya saki, yawancin nonon can ciki yake zuba ya haɗiye. Wanda ake ji wa tsoro shi ne mai kwana da nono a baki, ya tsotsa kaɗan ya yi barci, ya motsa ya sake tsotsa, haka har asuba, bakin baya samun hutun da zai gyara kansa.

Jaririna wata huɗu, ko haƙori ɗaya bai fito ba. In fara rage masa na dare?

A'a don Allah. Haƙorin da bai fito ba babu abinda zai ruɓar da shi. Cikinsa ƙarami ne dole ya tashi, kuma shan dare shi ke riƙe miki ruwan nono don sinadarin da ke sa a samar da shi ya fi yawa da daddare. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba sai kin ba shi ba, duk sanda ya nema ki ba shi.

Ta yaya zan gane ruɓewar ta fara?

Ki ɗaga leɓensa na sama, wannan ɗan aikin da bai kai minti ɗaya ba shi ne mafi yawanmu bama yi. Ki kwantar da shi a cinyarki inda akwai haske, ki sa ɗan yatsa ki ɗaga leɓen har ki ga inda haƙori ya haɗu da dasashi, ki share yawun da tsumma mai tsabta sannan ki duba. Haƙori lafiyayye yana sheƙi. In kika ga wani farin layi marar sheƙi kamar an goga alli yana bin gefen dasashi, to farkonta kenan, kuma a wannan matakin ana iya tsayar da ita ba tare da an taɓa haƙorin da inji ba. In an bari sai wajen ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya fara gutsurewa har ki ga saura ɗan guntu baƙi. Haƙoran sama huɗu na gaba su ake fara kamawa, na ƙasa kuwa harshe yana rufe su lokacin tsotso ga yawu yana taruwa a wajen, shi yasa zaki ga yaro na ƙasa fari tas na sama sun cinye. Ki duba ta cikin su ma, ɓangaren da ke kallon ganda, don wani lokacin ta can take farawa. Sau ɗaya a wata ya isa.

Yaushe zan fara goge masa baki, kuma da me?

Ranar da haƙorin farko ya leƙo, yawanci wajen wata 6 ne na ƙasa na gaba, wani ya riga wani ya makara duk ba matsala. Kafin nan in kina so kina iya share dasashin da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta don ya saba a taɓa masa baki. Da haƙori ya fito sai ƙaramin buroshi mai laushi na yara da makilin mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori ya kare shi daga ruɓewa. Ki juya kwalin ki karanta, zaki ga lamba da ppm a gabanta, ki nemi 1000 ko sama, don akwai na yara masu ƙamshin alewa da zanen katun da ake sayarwa da tsada amma fuloraid ɗin ciki kaɗan ne ko babu sam. Na gidan da kowa ke amfani da shi in ya kai wannan lambar ya wadatar, in dai yajinsa bai dame shi ba.

Yawan da za a sa shi ne inda ake kuskure. Ƙasa da shekara 3 ɗan shafe ne kawai kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 a ƙara kaɗan ya kai ƙwayar wake ƙarama. Sau biyu a rana, na dare shi ne wanda ba a wasa da shi. Kada ki tsaya gabansa kina cewa buɗe baki, ba zai buɗe ba. Ki zauna ƙasa ki miƙe ƙafa ki kwantar da kansa a cinyarki yadda zaki ga cikin bakin daga sama, hannu ɗaya ya ɗaga leɓe ɗaya ya goge, ki fi maida hankali a bakin dasashi. Zai yi kuka kwanakin farko, wani ma har ya cije buroshin, ki daure ki gama, in babansa na nan ya riƙe masa hannuwa yana masa wasa. In kin gama kada ki ɗauraye masa da ruwa, ki share kumfar da ta fito kawai, wanda ya rage a kan haƙorin shi ne maganin. Kuma kada a miƙa wa yaro ɗan shekara biyu buroshi a ce ya goge da kansa, tsotse makilin ɗin kawai zai yi, sai wajen shekara 7 hannunsa ke iyawa.

Na goge masa, can cikin dare ya tashi ya sha. Sai na sake tashi na goge?

Babu mai goyon da zata iya wannan kullum, kuma ba a ce ki yi ba. Ki tabbatar dai kin goge sosai kafin kwanciya, kuma bayan gogewar babu koko babu shayi babu biskit, sai nono ko ruwa. In ya sha ya yi barci ki sa ɗan yatsanki a gefen bakinsa ki zare nonon a hankali, yawanci zaki ga ya haɗiye abinda ya rage. In ya wuce shekara kuma idonsa biyu, kurɓin ruwa bayan nonon yana taimakawa. Da safe ki goge.

Bai iya tofarwa ba, in ya haɗiye makilin ba zai cutar da shi ba?

Dalilin da yasa aka ce ƙwayar shinkafa kenan, an san zai haɗiye, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ba ya komai. Abinda ake gudu shi ne yaro ya samu tulin ya riƙa matsawa yana sha, don fuloraid in ya yi yawa shekara da shekaru yana sa haƙoran girma su fito da dabbare-dabbare, shi yasa ake ajiye shi inda hannunsa ba zai kai ba. Akwai garuruwan da ruwan rijiyarsu ko na burtsatse da kansa fuloraid ya yi masa yawa, mutanen yankin Maraɗi basu manta abinda ya samu yaran Tibiri ba, inda ruwan sha ya ɓata haƙora har ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa. In a garinku kusan kowa haƙoransa sun yi ja-ja tun yarinta, ki tambayi likitan haƙori kafin ki fara. In ba haka ba, ki yi amfani da shi.

Asuwaki fa? Ko gishiri da gawayi irin na kakanninmu?

Asuwaki abu ne mai kyau ga babba kuma sunna ne, yana cire dauda sosai, amma ga ɗan wata takwas ya yi tauri kuma zarensa na iya gutsurewa ya shaƙe shi, sannan ba ya ba da kariyar da makilin ke bayarwa. In ya girma ya haɗa biyun. Gawayi da toka kam kada a sa wa yaro, ɓawon haƙoran nono siriri ne, kankare shi zasu yi.

Ni bana ba shi alewa, to ina yake samun sugan?

Nan ne fa maganar take. Mu zauna mu lissafa abinda ɗan wata goma sha huɗu yake ci a gidajenmu daga safe zuwa dare. Koko ko kunu da suga cokali biyu saboda wai in ba zaƙi ba zai sha ba, shayin babansa da ake tsoma masa burodi a ciki, can da hantsi yayarsa ta dawo daga kanti ta gutsura masa biskit, baƙuwa ta zo da lemon kwali ko yogot mai zaƙi an huda masa yana yawo da shi yana tsotsa har awa guda, da yamma zoɓo ko kunun aya mai sanyi, kakarsa kuma ta ba shi dabino ko ɗan rake ya tsotsa don ya yi shiru. Babu wanda ya ba shi alewa a cikin nan amma bakinsa bai huta da suga ba tun safe. Kuma yawan lokutan ya fi yawan sugan illa, duk shigar zaƙi baki sai an ɗauki wajen rabin awa ko fiye kafin tsamin ya lafa, in kafin ya lafa an sake sa wani to haƙorin a cikin tsami ya wuni. Sai dare ya yi a kwanta ba a goge ba, in haƙori ya ruɓe a ce nono ne.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ƙara wa abincin yaro suga kafin shekara 2. Yaron da ba a saba masa ba zai sha kununsa haka, ki sa masa gyaɗa ko waken suya ko madara ya yi garɗi ya kuma fi gina jiki. Zuma kuwa kada a ba wanda bai kai shekara ba ko kaɗan, ba don haƙori kaɗai ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Fida ita ce ta fi duka. A zuba shayi ko madara da suga ko lemo a ba yaro ya kwanta da ita a baki, wallahi wannan ya fi nonon dare ɓarna nesa ba kusa ba, don ita ko ya daina tsotsa tana ci gaba da ɗiga a kan haƙoran gaba. Wadda ta yaye yaro don tsoron ruɓewa sannan ta maye gurbin da fidar dare, an gudu ba a tsira ba. Daga wata 6 a fara koya masa kofi, zuwa shekara a rabu da fida.

An ce kada in tauna masa abinci ko in lasa cokalinsa, har da wannan ma?

Eh, jariri ba a haifarsa da waɗannan ƙwayoyin, daga yawun manya yake samu, yawanci uwa ko mai raino. Ba zai yiwu ki hana a sumbace shi ba kuma ba a ce ki ƙyamaci ɗanki ba, amma tauna nama a ba shi da hura koko ana lasar cokali a rage. In ke kanki kina da kogon haƙori ki je a gyara miki, mai shayarwa ana iya yi mata ciko ko cirewa ba sai ta yaye ba.

Ɗana shekara ɗaya da wata uku, na ga farin layin nan. In yaye shi kawai?

Kada ki yi gaggawa. Alƙur'ani a suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma shekara 2 ko fiye take cewa, kuma ba a banza ba. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa da za a shayar da yara yadda ya kamata a duniya da an ceci rayukan yara sama da 800,000 duk shekara, yawanci daga gudawa da ciwon haƙarƙari. A wannan rahoton sun faɗi gaskiya cewa ruɓewar haƙori ita ce illa ɗaya da suka gani tattare da doguwar shayarwa, kuma basu ce a daina ba, cewa suka yi a kula da tsabtar baki. A wajenmu da tamowa take kama yara daidai lokacin yaye, ga zazzaɓin cizon sauro ga ƙyanda, cire yaro daga nono da wuri ba ƙaramin abu bane, duk wadda ta taɓa jinyar yaron da ya ƙi cin komai sai nono ta san abinda nake nufi. Haƙori ana iya tsare shi ta wata hanya, kariyar nono kuwa babu inda zaki saya.

Abinda zaki yi, ki fara makilin yau, ki yanke zaƙin tsakanin abinci, ki rage kwana da nono a baki, ki kai shi a duba. In likita ya ga abin yana gudu duk da haka zai iya cewa a daina na dare gaba ɗaya a bar na rana, wannan daban da yaye.

To ya ake rage na daren ba tare da an kwana ana kuka ba?

Kuka dai sai an ɗan yi, amma a hankali ake bi. Yaron da ya wuce shekara kuma yana cin abinci sosai da rana yawancin tashinsa na dare ba yunwa bace, sabo ne da neman jikin uwa. Ki ciyar da shi ya ƙoshi da yamma, ki ba shi nono tun idonsa biyu, ki goge baki, sannan ki lallaɓa shi ya yi barci da goyo ko jijjiga ko shafa baya, don ya koyi yin barci ba da nono a baki ba. In ya tashi ki fara gwada ruwa da rarrashi, in bai yi ba ki ba shi amma ki gajarta. Ki cire tashi ɗaya tukuna, bayan ƴan kwanaki ki cire na biyu. Sa riga mai wuyar buɗewa yana taimakawa, haka in babansa ya karɓe shi a wasu tashin, ai ba ke kaɗai kika haife shi ba. Kada ki fara lokacin da bashi da lafiya ko ana tsananin zafi yana buƙatar ruwa a jiki. Shafa maɗaci a nono ko kwashe shi rana ɗaya a kai gidan kaka ni bana goyon baya, yaro yana shiga damuwa ya ƙi abinci, ke kuma nono ya cika ya kumbura yana ciwo har ya kai ga ƙurji.

Ai haƙoran nono ne zai yi famfara, me za a damu?

Wannan maganar ta cuci yara da yawa. Haƙoran nono guda 20 ne, suna gama fitowa wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, na gaba suna fara zuba wajen shekara 6 amma turamen ciki sai shekara 10 zuwa 12. Yaron da turminsa ya ruɓe yana shekara 2 ki lissafa shekarun da zai yi yana fama. Ciwon haƙori da babba ma yake kasa barci da shi, shi ba ya iya faɗa, sai dai ki ga ya ƙi tauna, yana cin abinci ta gefe ɗaya, yana rama. In ruɓar ta kai jijiya ta yi ƙurji a saiwa tana iya taɓa haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashi, in kuma aka cire da wuri sai na kusa su matso su cinye wajen, na girman ya fito a karkace. Ga kuma tsokanar yara a makaranta.

Maƙociyata ta shayar har shekara biyu dare da rana haƙoran ɗanta lafiya lau, nawa kuwa sun lalace. Uwar mijina tace nonona ne ba kyau.

Nononki lafiyarsa ƙalau, ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi cewa likitoci basu san wani nono mai ruɓar da haƙori da wani marar ruɓarwa ba. Yara ne suka bambanta. Haƙoran nono tun a ciki suke fara ginuwa, yaron da aka haifa bakwaini ko da ƙaramin nauyi, ko ya sha rashin lafiya da ƙarancin abinci a watannin farko, sau da yawa ɓawon haƙoransa yana fitowa da rauni, wani tun fitowarsa zaki ga ɗan rami ko tabo. Irin wannan ko abu kaɗan ya samu sai ya ruɓe. Ga bambancin ƙwayoyin cutar baki da abinda ake ci a kowane gida. In kin san naki bakwaini ne sai ki fi kowa saurin fara gogewa da kai shi dubawa.

Haƙoransa sun yi baƙi-baƙi tun da na fara ba shi maganin ƙarin jini, ruɓewa ce?

Ba lallai ba, maganin ƙarin jini na ruwa yana rina haƙori, in kika taɓa wajen zaki ji shi sumul babu rami, kuma likita na iya gogewa. Kada ki daina maganin, ki riƙa zuba shi can cikin baki ki bi da ruwa. Sauran magungunan ruwa na yara kuwa da yawansu suga ne a ciki, in zai sha na dare ya sha kafin a goge baki. Tunda an zo nan bari in ƙara, a bar saya wa yara maganin fitar haƙori a kemis barkatai. Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma gudawa da zazzaɓi mai zafi ba haƙori bane, ciwo ne a kai asibiti. A 2008 zuwa 2009 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin da aka haɗa da gurɓataccen sinadari ya kashe yara sama da 80 a Najeriya, ƙodarsu ce ta daina aiki.

Yaushe za a kai shi wajen likitan haƙori, kuma me zasu yi wa ɗan ƙaramin yaro haka?

Ƙa'ida ita ce kafin ya cika shekara ɗaya ko babu abinda ke damunsa, na san a wajenmu ba kowa ke da likitan haƙori kusa ba, amma in kin ga farin layi ko tabo to ya zama dole. Manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na koyarwa na Sakkwato da babban asibitin Yamai duk suna da sashen haƙori, manyan asibitocin jiha ma da yawa suna da shi, in kuma kin yi nisa ki nuna wa ma'aikaciyar awo ta rubuta miki inda zaki. Kada ki ji tsoron cirewa za a yi. In farko ne akwai wani man fuloraid mai ƙarfi da ake shafawa da ɗan buroshi, minti biyu an gama, ana maimaitawa bayan wasu watanni. In ya yi rami akwai ruwan magani mai sinadarin azurfa da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓar ba allura ba inji, illarsa dai wajen zai koma baƙi har haƙorin ya faɗi, ki tambaya ko suna da shi don ba ko'ina ake samu ba. Akwai kuma ciko. Cirewa sai wanda ya riga ya mutu ko yake ta ƙurji.

Wanda ba a jira da shi ko kwana ɗaya shi ne kumburin kumatu ko ƙarƙashin ido ko haɓa, ko ƙurji mai ruwa a dasashi tare da zazzaɓi, ko yaro ya kasa buɗe baki ko haɗiya. Haka in dasashin ya yi gyambo yana wari yana jini a yaron da ya rame ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, wannan yana iya zama farkon cutar noma mai cin fuska, wadda saboda ita aka buɗe asibitin yara na musamman a Sakkwato, kuma in an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Kada a tsaya turare ko masu cire tsutsa, kada a ɗiga fetur ko ruwan batir ko a danna ƙwayar magani a kan dasashi, a tafi asibiti a ranar.